Janareto, katako ko rediyo: me za a fara saya kafin guguwa?

Tambaya: Aiki ya kai ni wani gari a gaɓar Tekun Atlantika, maƙwabta kuma sai maganar lokacin mahaukaciyar guguwa suke yi mini. Kuɗina ba su da yawa. In sayi janareto ne, ko akwai abin da ya fi shi?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar janareto tukuna. A yankinku lokacin guguwa yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani tsakanin Agusta da Oktoba. Yi sayayyarka kafin nan, don ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar an yi shelar gargaɗi, kantuna kan washe.

Fara da ruwan sha: kimanin lita 4 ga kowane mutum a kullum, na aƙalla kwana 3. Sai abincin da ba ya buƙatar dahuwa, da tocila, da batura, da abin cajin waya, da magungunan da wani a gidan yake sha kullum. Sayi rediyo mai batir. Mutane suna raina shi, amma idan wuta ta ɗauke, waya ta rasa sabis, shi kaɗai zai gaya maka inda aka kwana. Takardunka kuma ka ƙulle su a leda mai kauri. Kyandir dai ban yarda da shi ba a irin wannan dare.

In kuɗi sun ragu, sayi janareton, amma ka haɗa da na'urar da ke yin ƙara idan ta ji iskar kabon monoksaid, wato gubar da ke cikin hayaƙin janareto. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum sai ya ji ciwon kai da kasala, ya kwanta, shi ke nan. Bayan guguwar Laura a jihar Louisiana ta Amurka a 2020, akwai waɗanda suka tsallake guguwar lafiya, hayaƙin janareto ya zo ya kashe su a cikin gida. Wurin janareto waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Ba gareji ba, ko da ƙofar a buɗe take.

Tambaya: An ce in manna salatif a gilashin taga don kada ya fashe. Wane iri ya fi ƙarfi?

Amsa: Malama, kada ki ɓata kuɗinki. Babu salatif ɗin da zai tare reshen bishiya ko kwanon rufi da iska ta wurgo. Abin da yake yi kawai shi ne ya sa gilashin ya zubo da manyan ɓaraguzai masu yanka. In da hali ki sa murfin taga na ƙarfe. In babu, katakon filawud mai kaurin kamar milimita 16 ya isa. A auna, a yanka, a huda shi tun da wuri, a rubuta a jikin kowanne tagar da yake rufewa.

Tambaya: Gidana ginin siminti ne mai ƙarfi. Idan an ce guguwar mataki na 2 ce kawai, ba gara in zauna ba da in kashe kuɗin mai da masauki?

Amsa: Malam, wannan tambayar ce ta fi damuna, domin lambar nan tana yaudarar mutane. Ma'aunin Saffir-Simpson, daga mataki na 1 mai farawa a kilomita 119 cikin sa'a zuwa na 5 mai farawa a 252, ƙarfin iska kaɗai yake aunawa. Ba ya cewa komai game da ruwa, alhali ruwan ne ya fi kisa: tumbatsar teku da iska ke turowa kan tudu, da ambaliyar ruwan sama. Guguwar Katrina tana mataki na 3 lokacin da ta afka wa gaɓar Louisiana a 2005, amma da shingayen ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans ya nutse. Harvey kuwa, a 2017, ta tsaya cak a kan jihar Texas tana zuba, har wasu wurare suka sami ruwan sama da ya kai mita ɗaya da rabi. Ƙarfin bango ba ya hana ruwa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Don haka ka bincika ko unguwarka tana cikin yankin da ake kwashe mutane. In tana ciki kuma hukuma ta ce a fita, ka kwashi iyalinka ku fita da wuri, kafin hanya ta cushe. Kada ka bari man motarka ya yi ƙasa da rabin tanki a watannin nan. In ka tarar ruwa ya rufe hanya, juya: ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota.

In gidanka yana kan tudu, ba a ce ku tashi ba, ku shige ɗakin tsakiya marar taga. Idan iska ta lafa kwatsam, kada kowa ya leƙa waje. Wataƙila tsakiyar guguwar ce take wucewa ta kanku, iskar kuma za ta dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. Ku jira sai hukuma ta sanar a rediyo cewa ta wuce.