Filin tsohon kamfanin fata: ciko da jar ƙasa ya isa a gina gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ana yanka fulotai a inda wani kamfanin jimar fata yake a da, a nan Kano. An rushe ginin, an zuba jar ƙasa an baje, wuri ya yi tsaf. Farashin da sauƙi, ni kuma ina da ƙananan yara. Dillali ya ce kamfanin ya fi shekara 15 a rufe, ruwan sama ya wanke komai. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka biya tukuna. Ana iya gyara filin masana'anta har ya zama unguwa, an kuma yi a wurare da dama, amma abin da ka bayyana ciko ne aka yi. Gyara aiki ne daban.

Bari mu fara da maganar dillali. Ruwan sama yana rage gishiri, man da ya zube ma yakan ruɓe a hankali, amma ƙarfe ba ya ruɓewa. Kamfanonin fata na zamani, irin na Challawa da Sharada da Bompai, yawanci da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam suke jima, ba da bagaruwa ba kamar majemar gargajiya. Kuromiyam ɗin da ya shiga ƙasa yana nan. Iyakar abin da damina za ta yi masa shi ne ta tura wani sashe ƙasa, wajen ruwan da rijiyarka za ta taras. Nau'in da ake jima da shi bai cika illa ba, sai dai idan an ƙona tarkacen fata da laka a wurin, ko ya gamu da wasu ma'adinai a cikin ƙasa, yana iya rikiɗa zuwa nau'in da ke narkewa cikin ruwa, mai cin fatar jiki, wanda shaƙar ƙurarsa ke jawo sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha, dalma kuwa 0.01. Ido ba ya ganin wannan, harshe ba ya jin sa. Ban da haka, kusan kowace tsohuwar masana'anta tana da tankin man janareta, wani lokaci a binne, da wurin taransifoma, da rufin asbestos mai illa ga huhu, wanda idan katafila ta farfasa shi sai ya gauraye da ƙasa.

Gyara na gaskiya da tarihin wurin yake farawa. Ina kwatamin da ake tara ruwan jima yake? Ina ake jibge laka? Ina ake ƙona shara? Tsofaffin ma'aikata da maƙwabta sun fi kowace takarda sanin wannan, kuma tambayarsu ba ta cin ko sisi. Amfaninta shi ne guba ba ta bazuwa daidai a fili. Fuloti ɗaya na iya zama lafiya lau, na kusa da shi kuma yana kan bakin tsohon kwatami. Daga nan sai masanin muhalli mai rajista ya ɗebi samfurin ƙasa a wurare da yawa, a kuma zurfi dabam-dabam, daga ƙarƙashin jar ƙasar da aka zuba har zurfin da harsashi da sokawe za su kai. Idan daga sama kawai aka ɗeba, cikon aka auna, kuma sakamako zai fito fes. A auna ruwan rijiyoyin kusa, da damina da kuma rani. Jami'o'inmu da cibiyoyi irin su NARICT, cibiyar binciken sinadarai da ke Zariya, suna da na'urorin auna ƙarafa.

Sakamakon ne ke faɗin irin aikin da za a yi. Idan mai ne kawai, ana tono ƙasar a baje ta, a haɗa da taki, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa, ƙananan halittun cikinta su cinye man cikin watanni. Zafin ƙasarmu yana taimakawa a nan. Idan ƙarfe ne, sai dai a kwashe ƙasar zuwa ramin da aka shimfiɗe don kada ya yi yoyo, ko a ɗaure gubar da siminti bayan an mayar da kuromiyam nau'insa marar narkewa da gishirin baƙin ƙarfe, ko a wanke ƙasar da inji kamar yadda aka yi a gabashin Landan kafin wasannin Olamfik na 2012. Wannan na ƙarshe tsadarsa ta fi ƙarfin mai yanka fulotai.

Muna da darasinmu a gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. A Dareta da 'Yargalma, sannan a Bagega a 2013, abin da aka yi shi ne kankare saman ƙasar tsakar gida da ta lunguna, a kai ta rami a wajen gari, a sake aunawa da na'ura, sannan a zuba sabuwar ƙasa. Kwashewa da aunawa suka riga ciko. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta MSF ma sai an gyara muhallin yaro suke ba shi maganin fitar da dalma, domin in ya koma cikin ƙurar aikin banza aka yi. A can ƙura ce ta kwanta a sama, shi ya sa kankare 'yan santimita ya wadatar. Kamfanin da ya shekara yana kwarara ruwan jima, gubarsa ta nitse nesa da haka.

To, rufewa da ƙasa mai tsabta fa? Hanya ce da masana suka yarda da ita, amma da sharuɗɗa. A Ingila, a lambun gidan da aka gina kan irin wannan fili, yawanci akan zuba santimita 60 ko fiye, a shimfiɗa wani ƙyalle mai launi a ƙarƙashi don duk mai haƙa ya san inda zai tsaya, a kuma rubuta a takardun filin cewa ba a zurfafa haƙa. Nan ne damuwata take. Gininmu duk haƙa ne: harsashi, sokawe, rijiya ko burtsatse, ramin shuka zogale da mangwaro. Ƙasar da lebura ya tono ita ake cike ɗakuna da tsakar gida da ita. A kanta jariri zai yi rarrafe yana kai hannu baki, a kanta kaji za su yi tono, da hunturu kuma iska ta ɗaga ta. Jikin yaro ya fi na babba zuƙar dalma nesa ba kusa ba, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Cikon da ya dace da garejin motoci ko sito mai daɓen kankare bai dace da gidan iyali ba, sai an bi waɗannan sharuɗɗa sosai.

A unguwar Love Canal ta Amurka, kamfani ya binne kusan tan 21,000 na sinadarai ya rufe da ƙasa, ya sayar da filin dala 1 a 1953. Aka gina makaranta da gidaje, aikin gini ya huda rufin, a 1978 aka fara kwashe mazauna.

Saboda haka ka nemi mai filin, ba dillali ba, ya nuna maka rahoton gwajin da aka yi kafin ciko da wanda aka yi bayansa, da izinin mayar da filin masana'anta na zama daga hukumar tsara birane ta KNUPDA. Ka tambaye shi inda aka kai lakar kwatami da ɓaraguzan ginin. Idan an baje su a filin, ko an sayar a tifa wa masu neman ciko, ka sanar da ma'aikatar muhalli ta jiha ko ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, domin wasu gidajen ne za su karɓi gubar. Idan babu rahoto kuma kana son wurin, ku haɗu da sauran masu saye ku biya gwaji tare, a rubuta a yarjejeniya cewa ciniki bai faɗa ba sai sakamako ya fito. Mai filin da ya ƙi yarda a haƙa ramin gwaji, ka bar masa filinsa. Ko da kuma ƙasar ta fito lafiya, kada iyalinka su sha ruwan rijiya ko burtsatsen wurin sai an auna shi, a kuma maimaita awon kowace shekara.