Tafiya Afirka ta Kudu: ɗamarar kuɗi, laya da hankalin uwa

Wani Alhaji daga Gusau zai je Johannesburg saro kaya. Yana tambaya ko ya sayi ɗamarar nan mai aljihun ɓoye daloli, ko kuwa tela ya ɗinka masa aljihu a cikin wando.

Alhaji, sayi ɗamarar, ba ta da tsada. Amma ta fasfo ce da katin banki da ɗan guzirin kwana biyu. Jarinka ya bi ta banki. In ka nace sai ka riƙe tsaba, abin da ya haura dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastan kafin ka fita Najeriya.

Abin da ya fi damuna bakinmu ne. Sanannen abu ne a can ɓarayi su biyo motar baƙo tun daga filin jirgin OR Tambo, su tare shi a ƙofar masauki. Ba duba suke yi ba. Wani ne ya ga ana ƙirga kuɗi a wurin canji, ko ya ji ana waya da ƙarfi ana faɗin sunan otal. Mu Zamfarawa har sai an koya mana sharrin infoma? Mai bin hanyar Funtuwa ba ya faɗin ranar tafiyarsa a majalisa, amma shi ɗin ne zai ɗora hoton tikitin jirgi a WhatsApp, ya sauka da babbar riga mai aiki, agogo yana walƙiya, wayar miliyan a hannu. Haba Alhaji! Sa kaya marasa jan ido. Kada ka shiga motar duk wanda ya tare ka yana cewa tasi. Ko masaukinka ya turo direban da ka san sunansa, ko ka hau jirgin ƙasan Gautrain, minti 15 ya kai ka unguwar Sandton da ke Johannesburg. Ciri kuɗi a na'urar da ke cikin banki, mai cewa zai taimake ka kuma ka ce a'a, musanya kati suke yi. A mota ka ɗaga gilashi, jaka a ƙarƙashin ƙafa, domin a wurin danja ake fasa taga a fizge. In an nuna maka bindiga, miƙa.

Wani matashi daga Talata Mafara kuma so yake na gaya masa farashin layar ɓata da ba za a cuce shi ba. Ɗana, ko naira 100 aka ce an cuce ka. Mai sayar da ita da kansa ba ya bin hanya bayan Magariba. Ka yi azkar ɗinka, kuɗin ka sa kati a waya.

Sai wata Hajiya daga Ƙaura Namoda da ɗanta ya samu karatu a Pretoria, ta ce barci ya ƙaurace mata saboda labarin farmakin da ake kai wa baƙi.

Hajiya, tsoronki ba na banza ba ne. An yi a 2008 da 2015, a 2019 ma sai da jirgin Air Peace ya kwaso 'yan Najeriya. Amma yawanci abin ya fi shafar masu shaguna a unguwannin talakawa, ɗalibai da dama kuwa suna gama karatunsu lafiya. Ki sa a nema masa ɗaki ta hannun makaranta, ko da ya ɗan fi tsada. Ya buɗe layin waya ranar da ya sauka, ya riƙe lambar 'yan sanda, 10111, ya kuma kai sunansa ofishin jakadancinmu da ke Pretoria. Yawon dare a ƙafa ya haƙura da shi, haka ɗaukar saƙon da bai ga cikinsa ba, ko na ɗan unguwarku ne. Katin rigakafin cutar shawara kuma, ya yi allurar gaske, aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kada wani ejan ya sayar masa da na bogi a mayar da shi daga filin jirgi. Ku sa ranar waya duk Juma'a bayan masallaci. Allah ya tsare miki shi.