Kafin ka ɓalle gindin mujallar mutane

Kai ɗan nan, tambayar da ka turo min da daddare na gani, wai Oga mujallar da gindinta na gam ne ba ta kwanciya bisa gilashin sikana, tsakiyar shafi na fitowa duhu-duhu rubutu na lanƙwashewa, ko in ɓalle ta in yi shafi-shafi? Da wani abu ka tambaya wallahi da ban amsa ba, don ku yaran yanzu ba ku son tsayawa ku kalli hannun mutum yana aiki, komi sai an rubuto muku a waya. Amma wagga tambaya ta taɓo min wani wuri.

Ee ana ɓallewa. Duk mai son aiki ya fito tas ya san shafin da ya kwanta shi kaɗai bisa gilashi ya fi wanda anka danne da hannu. Mujallar da anka ɗinke da fin ba ta da wuya, ka miƙe ƙafar fin ɗin ka zare shi, in ya yi tsatsa ka bi a hankali kada ya yago takarda, in ka gama ka mayar ta ramin da ya fito. Ta gam ita ce mai magana, sai ka ɗumama gindin da abin busar da gashi ko dutsen guga da ƙyalle a tsakani har gam ya yi laushi sannan ka riƙa cire shafi ɗai-ɗai, kuma daga ranar ta tashi daga mujalla ta koma tarin takardu, ba ta komawa yadda take har abada ko wa ya haɗa ta. Shi ya sa ba ka taɓa gindin mujallar da ba taka ba sai mai ita ya rubuta da hannunshi cewa ya yarda, ya sa hannu, ga shaida, kuma ya aje rabin kuɗi. Ba murya a WhatsApp ba, takarda.

Bari ka ji dalili. Wani mutum ya taɓa zuwa shago, lokacin muna tsohon wurinmu na Tudun Wada nan Gusau, kai ko makarantar firamare ba ka gama ba. Mota mai kyau, shadda ta sha guga, turare tun daga bakin titi. Ya sa yaronshi ya sauke kwali cike da mujallun gem, GamePro da Electronic Gaming Monthly (EGM) na shekarun 1990, da wasu Computer and Video Games na Ingila, yac ce na yayanshi ne da ya yi karatu waje, Allah ya yi mashi rasuwa, yana son a mayar da su kwamfuta don iyali. Ni kuma da na buɗe kwalin nan jikina har rawa yake, don mu da munka taso gidan gem muna biyan kuɗi mu buga Sega, shafi guda na irin mujallun nan in ya faɗo hannunka ta wurin 'yan gwanjo ko mai tsire ya naɗo maka nama ciki, to kai ne sarki a unguwa. Daga irin shafin nan munka san A B A C A B B na fito da jini a Mortal Kombat na Mega Drive, munka san sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A na ba ka rai 30 a Contra. Yanzu ga su kwali guda gabana.

Munka yi ciniki a kan kowane shafi. Na nuna mashi EGM ɗin nan masu kauri, don na tsakiyar shekarun 1990 wasu shafinsu ɗaruruwa ne saboda talla, nic ce Alhaji waɗanga ba su sikanuwa da kyau sai an ɓalle. Yac ce Malam kai ne gwani, yi duk yadda ka ga ya dace, ni dai hoto nike so. Gaban yaronshi ya faɗa, gaban maƙwabcina mai gyaran waya ya faɗa. Na nemi kafin alƙalami yac ce haba, tsakaninmu, kuɗi na nan ranar karɓa. Mutum ya ambaci mamaci, ya ambaci marayu, mi za ka ce mashi?

Na shiga aiki, wuta babu, kullum janareta, fetur daga aljihuna. Ka san yadda nike aiki, ba na sauka ƙasa da 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, a kwafin ajiya, kuma TIFF nike ajewa, irin fayil ɗin hoton da ba ya rage inganci, shafi guda mai girman A4 a haka ya haura megabait 100 in ba a matse shi ba, mujalla mai shafi 100 ta tasar ma gigabait 10 ke nan, sai da na sayi sabon had-dis don aikinshi kaɗai. Wasu yaran shago biyu na hana su zuwa aikin biki mai kawo kuɗi nan take don su taya ni. Akwai waɗanda gara ta ci gefensu, akwai waɗanda damina ta manne shafinsu sai da dabara, akwai waɗanda wani mai hankali ya liƙe yagewarsu da salatif shekaru aru-aru man ya ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa, duk na zauna na gyara a Photoshop har idona ya fara ganin biyu-biyu. Kuma ga abin da ya fi ƙona min rai har yau. Cikin jerin EGM ɗinshi na 1992 babu ta watan Afrilu, ni kuwa ina da ita, tawa ta kaina, wadda na samo Sabon Garin Kano. Ita ce fitowar da sunka yi ƙaryar Sheng Long, wai akwai wani ɓoyayyen gwani a Street Fighter II da za ka iya fito da shi, wasan wawan Afrilu ne amma duniya ta hau ta zauna, yara sunka ƙare kuɗinsu suna nemanshi. Na sikana ta na cike mashi gurbi kyauta, ita kanta mujallar na aje ta saman kwalin don in nuna mashi asalinta.

Ranar karɓa ya zo da la'asar yana sauri wai jirgi zai bi daga Sakkwato. Ya duba hotuna a kwamfuta yana ta masha Allah. Yac ce a sa kaya mota, zai yi turansifa yanzu, sabis ne babu. Yaronshi ya kwashi kwali har da tawa ciki, ya ɗauki had-dis. Shiru. Na kira, gobe. Na kira, jibi. Da na matsa sai murya ta canza, wai ya buɗe kwali gida ya tarar na lalata mashi kayan gado, ya ba ni mujallu na mayar mashi da takardun ƙosai, shi ma yana bi na diyya. Maganar har gaban mai unguwa. Anka ce ina shaidar ya yarda a ɓalle? Yaronshi yac ce bai ji ba, maƙwabcina kuma ya ga babbar riga yac ce shi fa hankalinshi na kan waya lokacin. Anka ce a yi haƙuri, kowa ya yafe ma kowa. Ni mi zan yafe, shi mi zai yafe?

Ban gama jinyar wanga ba sai wani yaro ya nuno min a Telegram ana sayar da tsofaffin mujallun gem, kowane shafi an shimfiɗa ƙaton tambari a tsakiya da lambar waya. Ina gani na gane aikina, don akwai wani shafi na GamePro da kusurwarshi ta ɓace na cike ta da hannuna, na san inda na ɗan karkace. Ko yayan da ya ce ya rasu ban tabbata an taɓa haihuwarshi ba. Ya matse hotunan har rubutu ya dagule don su yi sauƙin turawa, aikin da na yi da 600 dpi ya koma abin da ko sunan gem ba ka karantawa. Kuɗin na haƙura da su tuni, Afrilun 1992 ɗina ce ban haƙura ba, har gobe in na tuna sai abinci ya fita raina.

To koma kan tambayarka. In mai kaya bai yarda a ɓalle ba, ko mujallar ɗaya ce tilo da ba a samun irinta, kada ka danne ta da ƙarfi kana jin gindi na ƙara kana ci gaba. Wannan duhun da kake gani rabinshi laifin sikanarka ne. 'Yar siririyar nan da ke shan wuta daga USB irin CIS ce, ba ta ganin abin da ya ɗaga daga gilashi ko kaɗan, mai kaurin nan ta kusurwa CCD ce, tana hango cikin lanƙwasa, ita za ka ɗauka. In ita ma ta kasa, a buɗe mujallar rabi bisa matashi a ɗauka da kyamara daga sama da fitila biyu hagu da dama. Ban ce ka ɗauko wayarka ka tsaya kanta inuwar kanka na cikin hoto ba, na san halinku.

Yadda ake goge gilashi da miƙe shafi ba zan ɓata yawuna ba, wanda bai san wanga ba ya tafi ya koyi faci. Sai dai lokacin hunturu ƙura ba ta da kunya, ƙwaya ɗaya in ta zauna za ta bi ka shafi hamsin. Abin da na ga kana mantawa shi ne baƙar takarda. Takardar mujalla siririya ce, hasken sikana na ratsa ta ya dawo da rubutun baya, farin murfin sikana ke jawo haka, ka sa baƙar takarda bayan shafin sai ya mutu. Sannan ka kashe duk wani gyaran kai-da-kai da manhajar sikana ke yi, ƙarin kaifi da gyaran kala da sauransu, ɗanye nike son fayil ya fito.

Ka taɓa kusanto da hoton mujalla ka ga ashe ɗige-ɗige ne? Haka injin ɗab'i ke yi, kala huɗu, shuɗi-shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, kowace da jerin ɗigonta. In ka sikana da ƙaramin dpi ɗigon nan na karo da idon sikana sai wani zane ya fito kamar saƙar tabarma bisa fuskar mutum. Maganinshi ka ɗauka da girma, ka narkar da ɗigon a kwamfuta sannan ka rage girman, kuma a kan hoto kaɗai, kada ka narke rubutu. Ku kuma yanzu kun samu wata sabuwar lalaci, ku jefa ma AI shafi ku ce ya gyara, ya mayar da hoton gem na 1993 sumul kamar jiya anka zana, ya canza haruffa ya ƙirƙiro abin da babu. Wanda ya zo neman yadda abin yake a zamaninshi mi zai gani? Rawayar tsufa ka rage ta daidai, ka duba farin gefen shafi ka daidaita da shi, ka tsaya nan. In ka cike wurin da ya yage a kwafin rabawa, na ajiya ka bar shi da yagewarshi.

Kuma kada in sake ganin ka tsallake talla wai ɓata lokaci ne. Talla ita ke nuna farashin kaset da ranar fitowa da gem ɗin da anka yi alkawari bai taɓa fitowa ba. Bango, bayan bango, fosta ta tsakiya, katin da ke maƙale ciki, duka. In da faifan gwaji kamar yadda mujallar PlayStation ta Ingila ke zuwa da shi tun 1995, shi ma a ɗauki hoton fuskarshi.

Maganar sawa a intanet, ka sani haƙƙin mallaka na masu shi ne ko da kamfani ya daina bugawa. Mujallar Nintendo Power ta fara 1988 ta tsaya Disambar 2012, amma da wani ya ɗora fitowa sama da 100 a shafin adana kayan tarihi na Internet Archive cikin 2016 ba a jima ba anka sauke su. Mujallar Game Informer da ke fita tun 1991, ranar da anka rufe ta a Agustan 2024 har shafinta na intanet ya ɓace da duk abin da ke ciki, sai 2025 ta dawo. Ka ga ke nan intanet ba rumbu ba ne, kwafinka na TIFF ya zauna had-dis biyu, ɗaya shago ɗaya gida. Kafin ma ka ƙona fetur ka duba ko wasu sun riga ka, Retromags sun daɗe suna wanga aiki, Video Game History Foundation ta Amurka ma ta buɗe ɗakin karatunta na intanet a 2025. In akwai mai kyau can, mi ya kai ka ɓalle ta mutane? Abin da za ka raba ka fitar da shi JPEG ka haɗa PDF, ka bi shi da OCR don mutum ya iya neman kalma, suna kuma ya zama sunan mujalla, lamba, wata, shekara, ba irin naka ba da na gani jiya wai sabo2 na ƙarshe. Ba ka sayarwa, ba ka shimfiɗa tambari kan shafi, in kana son a san kai ka yi ka rubuta a bayanin fayil.

Kwastoma kuwa, ranar karɓa ƙananan hotuna yake gani a kwamfutar shago, had-dis ba ya fita ƙofa sai alat ya shigo wayata na gani da idona, ko limamin unguwarku ne. Wagga da ke hannunka yanzu ta wa ce ma? In ta mai kantin littattafan nan ce kada ka kusanto da ita wurin zafi, akwai takardar yarjejeniya cikin durowa ta biyu, gobe ka kai mashi ya cika, ka biya kasuwa ka sawo baƙin kwali don wanda ke shago ya kode.