Hoton MRI na ƙashin baya a Jidda: me Hajiya za ta tarar?

'Yar'uwa, kin ce likita ya rubuta wa mahaifiyarki MRI na ƙashin baya, wato hoton cikin jiki da inji ke ɗauka, tana fargaba. Allah ya ba ta lafiya. Ki kwantar mata da hankali, ba ya zafi. Da maganaɗisu mai ƙarfi injin yake aiki, shi ya sa duk ƙarfe sai an cire: 'yan kunne, awarwaro, fil ɗin gyale, haƙoran sakawa. Kada ta sa kwalli ranar, wani yana da ɓurɓushin ƙarfe. In an taɓa dasa mata na'urar bugun zuciya ko ƙarfe a ƙashi, ku faɗa kafin ta taka ɗakin, wannan ba abin sakaci ba ne.

Za ta kwanta rigingine kamar minti 20 zuwa 45. Injin yana ƙara kamar ana sussuka, amma za a toshe mata kunne, a ba ta 'yar robar da za ta matsa in ta takura. Motsi shi ke ɓata hoton, har a sake ɗauka. In za a yi mata allurar da ke fito da hoto sarai, akan duba lafiyar ƙoda tukuna.

In ba ta jin Larabci, ki fassara mata umarnin tun a waje. Ku riƙo igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, da tsofaffin hotunanta na asibiti.