Garuruwan kwal na Fife: shin Thatcher ce ta kashe su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Edinburgh. Kwanakin baya na shiga jirgin ƙasa da ke zagaya yankin Fife na ƙasar Skotlan, na ratsa Cowdenbeath da Lochgelly da Cardenden, na ga gidaje iri ɗaya da shaguna da dama a rufe, ban kuma ga wata babbar masana'anta ba. An ce mini garuruwan masu haƙar kwal ne, kuma Margaret Thatcher, tsohuwar Firayim Ministar Birtaniya, ce ta kashe su. Yaya gaskiyar lamarin take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba, amma ciwon ya girmi zamanin Thatcher, kuma ba za ka gane shi ba sai ka san yadda garuruwan suka kafu.

Yawancin waɗannan wurare ba kasuwa ce ta tara su ba, ba kuma noma ba. Ramin kwal ne ya fara zuwa, sannan gari ya biyo baya. Cowdenbeath ƙaramin ƙauye ne kafin kamfanoni su fara haƙa mai zurfi a ƙarni na 19, kuma kamfanin ne ke gina wa ma'aikata gidaje a jere kusa da bakin rami, ta yadda duk wanda aka kora daga aiki ya rasa muhallinsa tare da albashinsa. Kafin wannan ma, wata doka ta 1606 ta ɗaure masu haƙar kwal na Skotlan ga mai ramin da suke wa aiki, ba su da ikon tashi sai da izininsa, kuma ba a kawar da wannan ɗauri gaba ɗaya ba sai 1799. Mutanen da suka gaji irin wannan tarihi ba su da abin dogaro sai junansu, shi ya sa ƙungiyar ƙwadago da shagon haɗin gwiwa da zauren walwalar ma'aikata da ƙungiyar ƙwallo suka zama ginshiƙin rayuwa. Siyasarsu ma ta nuna haka, domin mazaɓar Fife ta yamma ta tura ɗan kwaminis, Willie Gallacher, majalisar dokokin Birtaniya daga 1935 zuwa 1950, kuma har yau akwai titi a ƙauyen Lumphinnans da ke ɗauke da sunan Gagarin, ɗan sama jannatin Tarayyar Sobiyet.

Haƙar kwal a Skotlan ta kai ƙololuwa tun 1913. Lokacin da gwamnati ta karɓe ramukan a 1947 an sa rai ƙwarai, har aka kafa sabon gari, Glenrothes, a 1948 domin ma'aikatan wani katafaren rami mai suna Rothes, amma ruwa da tsagewar duwatsun ƙarƙashin ƙasa suka hana shi aiki, aka rufe shi a 1962. A shekarun 1960 ne aka rufe ramuka masu yawa a tsakiyar Fife, saboda wasu kwal ɗinsu ya ƙare, kuma man fetur yana ƙwace kasuwa, jiragen ƙasa kuma suna barin amfani da kwal. A 1967 gobara ta tashi a ramin Michael da ke East Wemyss, ta kashe mutum tara, ba a sake buɗe shi ba. Duk wannan ya faru ne kafin Thatcher ta hau mulki a 1979.

To, me ya sa sunanta ne ke bakin mutane? A ganina, dalilin shi ne yadda aka yi abin. A rufewar farko, sau da yawa ana mayar da ma'aikaci wani rami, ana kuma ƙoƙarin jawo sabbin masana'antu yankin. A shekarun 1980 kuwa an rufe yawancin sauran ramukan a lokacin da babu wani aikin da mutum zai koma, bayan yajin aikin shekara guda daga Maris 1984 zuwa Maris 1985, wanda ya jefa iyalai cikin yunwa da bashi, ya kuma raba makwabci da makwabci a kan wanda ya koma aiki. An kori ma'aikata fiye da 200 a Skotlan saboda yajin, kason da ya zarce na sauran sassan Birtaniya nesa ba kusa ba, kuma sai a 2022 majalisar Skotlan ta yi dokar yafe wa waɗanda aka hukunta a kan wasu laifuffuka na lokacin. Ramin Seafield na Kirkcaldy ya rufe a 1988, Longannet kuma, wanda shi ne rami mai zurfi na ƙarshe a Skotlan, ruwa ya cinye shi a 2002.

Gidajen da ka gani galibi ba na kamfani ba ne, ƙananan hukumomi ne suka gina su bayan an rushe tsofaffin. Idan kana son ganin abin da ya saura da idonka, ka je Lochore Meadows kusa da Ballingry. Wurin shaƙatawa ne yanzu, da tafki da ciyawa, amma a da tsibin tarkacen rami ne masu ci da wuta, kuma hasumiyar kankare ta ramin Mary tana nan tsaye, wadda ta kanta ake saukar da mutane ƙarƙashin ƙasa a fito da kwal.

Halin garuruwan a yau ba ɗaya ba ne, kuma abin da ya fi bambanta su shi ne hanya. Waɗanda ke kusa da gadojin mashigin Forth, da ke haɗa Fife da ɓangaren Edinburgh, sun zama wurin kwanan masu aiki a Edinburgh da Dunfermline, ana ta gina sabbin unguwanni, ko da yake kuɗin da ake samu a can ba a cika kashe shi a shagunan garin ba, wanda yana cikin dalilan ƙofofin da ka gani a rufe. Waɗanda ke nesa, kamar Methil da Buckhaven, sun fi jin jiki da rashin aiki da rashin lafiya. Yankinsu ya rasa jirgin fasinja tun 1969, ba a dawo masa da shi ba sai a watan Yuni na 2024.