Sabon Gida: Daga Tukunya Zuwa Takardar Haraji

Tambaya: Anti, barka da aiki. Watanmu bakwai da aure, kuma ni da maigidana duk muna fita aiki. Idan na dawo da yamma a gajiye na ɗora tukunya, sai ya ɗanɗana ya ce ba haka ya saba ci a gidansu ba. Ga shi hannuna ya saba da girkin mutum goma, don haka kullum sai abinci ya rage ya lalace, kuɗin cefane kuma ba ya kai mu ƙarshen wata. Na fara jin kamar ban iya riƙon gida ba. Ina mafita? Daga wata amarya.

Amsa: 'Yata, ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika zayyana ba gazawa ba ce. Mutum biyu ne da suka tashi a gida biyu, kowa da irin ɗanɗanon da harshensa ya saba da shi tun yana yaro, yanzu kuma suke ƙoƙarin cin abinci daga tukunya ɗaya. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma zan gaya wa maigidanki gaskiya ta bakinki: kwatanta girkin matarsa da na gidansu ba gyara ba ne, domin ba ya nuna mata abin da za ta canza, sai dai ya kashe mata gwiwa. Idan gishiri ne ya yi yawa, ya ce gishiri ne. Idan ya fi son abinci ya nuna sosai, ya faɗa cikin ladabi, kuma ba a lokacin da kike tsaye da ludayi a hannu, gumi na zuba ba.

Game da yawan abinci, ki daina auna da ido na ɗan lokaci. Ki ware kofi ɗaya ya zama ma'auninki, ki lura da abin da kuka cinye a mako biyu, za ki ga hannunki ya koyi girkin mutum biyu da kansa. Abin da ya rage kuma kada ki bar shi a kan murhu ya kwana. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki, a sa shi a firiji mai sanyi ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Celsius, idan za a ɗumama shi kuma a ɗumama har ya yi zafi ciki da waje. Inda babu firiji, ko wutar ba ta da tabbas, girki kaɗan-kaɗan shi ne ya fi tsare lafiya da aljihu. Tun da an ambaci gishiri, hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin sinadaran ɗanɗano.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne kalmar nan "a gajiye". Ku biyu kuke fita, ku biyu kuke dawowa, amma ke kaɗai kike shiga kicin. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa mata ne ke ɗauke da kimanin kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biya, inda mace ke kashe awa 4 da minti 25 a rana, namiji kuma awa 1 da minti 23. Ban kawo wannan don in zuga ki ba, na kawo shi ne don ku gane cewa aikin gida aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi, ko da ba a rubuta masa albashi. Ku zauna ranar hutu, cikin raha, ku lissafa ayyukan mako: cefane, wanke-wanke, wanki, shara, biyan kuɗin wuta da ruwa. Mijin da ya yanka albasa da hannunsa, idonsa ya yi ruwa, da wuya ya sake raina abin da aka zuba masa a faranti.

Kuɗin cefane kuwa, ku sami ƙaramin littafi ku rubuta duk abin da aka saya har wata guda, komai ƙanƙantarsa. Ni kaina a shekarar farko ta aurena na yi ta zargin kasuwa da tsada, sai da na rubuta na gano cewa saye-sayen kan hanya ne ke cinye mu.

Tambaya: Anti, ni ma'aikaci ne, ana cire mini haraji daga albashi kafin ya shigo hannuna. Matata kuma tana ɗinki, tana tallata kayanta a intanet. Shin aure yana canza harajin mutum? Kuma ita ma sai ta biya, alhali ni ana cire mini? Daga wani ango.

Amsa: Ɗana, na ji daɗin cewa ka yi wannan tambaya tun kafin takardar gargaɗi ta zo muku. Amsar tambayarka ta farko ta dogara ne da dokar ƙasar da kuke zaune. A Amurka, ma'aurata suna da zaɓin cike takardar haraji ɗaya tare ko kowa ya cike tasa, amma idan suka sa hannu tare, to alhakin abin da ke cikinta yana wuyansu su biyun. A Faransa ana ɗaukar iyali a matsayin gida ɗaya, a raba kuɗin shigarsu bisa yawan mutanen gidan kafin a lissafa haraji. A Birtaniya kuwa, tun 1990 ake yi wa miji da mata lissafi daban-daban. Saboda haka abu na farko shi ne ku tuntuɓi ofishin haraji na inda kuke, ku kuma sanar da wurin aikinka cewa ka yi aure, musamman don a gyara sunan wanda zai amfana da fanshonka da inshorarka.

Abin da ake cire maka na albashinka ne, ba ya rufe kuɗin da matarka take samu. A tsarin da aka fi bi, mai sana'ar kansa shi ne ke bayyana abin da ya samu, kuma ana ɗora harajin ne a kan riba, ba a kan dukan cinikin ba. Wannan ne ya sa rasit yake da daraja. Idan ta sayi yadi, zare, allura, ko ta gyara keken ɗinki, ta ajiye shaidar a ambulan ɗaya, ta kuma raba asusun sana'a da na cefane, domin idan kuɗin suka cakuɗe ba za ta iya nuna ribarta ba, ba ga hukuma ba, ba ma ga kanta ba. Ƙasashe da yawa suna yafe haraji ga wanda samunsa bai kai wani adadi ba, don haka mai yiwuwa ne ba abin da za ta biya yanzu, amma rubutun ne zai tabbatar da hakan.

Kada kuma ka ji tsoron ƙarin albashi don gudun haraji, kamar yadda nake ji wasu matasa suna faɗa. Inda haraji yake hawa mataki-mataki bisa yawan samu, kaso mafi tsada yana hawa ne kan abin da ya haura iyakar matakin kawai, ba kan albashin gaba ɗaya ba. Ka ɗauko takardar albashinka ta watan jiya, ka shimfiɗa ta gaban matarka, ku bi ta layi-layi har ku gane kowane abu da aka cire, ita ma ta buɗe maka littafin cinikinta. Kuɗinta nata ne, kuma ganin littafin ba izinin sa hannu a ciki ba ne.