Amsa ga Malamar da ke son koya wa 'yan firamare natsuwa da tattara hankali

Assalamu alaikum Malama. Kin tambaya ko horon natsuwa da tattara hankali da ake yi wa yara a makarantun Turai da Amurka yana da amfani, da kuma ta inda mai son yin sa a matsayin aikin sa kai zai fara. Na yi shekara uku ina wannan aiki a wata firamare a nan arewacin Ingila, duk ranar Laraba bayan cin abincin rana, da yara 'yan shekara 7 zuwa 8, don haka bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Kafin in taka ajin sai da hukumar DBS ta tantance ni, wato masu duba ko mutum yana da tarihin laifin da zai hana shi kusantar yara. Ko da a inda kike doka ba ta tilasta hakan ba, kada ki yarda ki shiga aji sai malamar ajin tana ciki, domin kariya ce gare ki, kuma ita ce za ta riƙe abin bayan kin tafi.

Ranar farko na je da shirin rabin awa, wai zan zaunar da yara talatin su rufe ido su saurari numfashinsu. Ko minti biyu ba a yi ba wani yaro ya fara minsharin ƙarya, aji ya kaure da dariya, na tsaya kamar an dasa ni. Daga ranar na rage buri. Abin da ya karɓu shi ne 'yar ƙararrawa: in kaɗa ta sau ɗaya, kowa ya kasa kunne, wanda ya daina jin amonta ya ɗaga hannu. Bai kai minti guda ba, amma a ɗan wannan lokaci ko allura ce ta faɗi sai an ji. Sai kuma kwalbar ruwa da na zuba wa yashi, in girgiza ta ya gurɓace, in ajiye a kan tebur, mu zuba mata ido muna numfashi har yashin ya kwanta. Ban taɓa buƙatar dogon bayani a kan fushi ba, domin wata rana da kunnena na ji wani yaro yana ce wa abokin faɗansa ya ƙyale shi tukuna, kwalbarsa ba ta kwanta ba.

Kuskuren da har yau yake damuna shi ne tilasta rufe ido. Akwai wata yarinya da iyayenta suka zo gudun hijira daga ƙasar da ake yaƙi, wadda da zarar an yi shiru an rufe ido sai jikinta ya ɗauki rawa, rannan har ta fashe da kuka. Tun daga nan nake cewa wanda ya ga dama ya rufe, wanda bai so ba ya kalli tafin hannunsa. Idan kuma yaro ya faɗa miki wani abu mai nauyi game da gidansu, ki sanar da hukumar makaranta a ranar, kada ki mai da kanki likita.

Game da amfani, kada ki yi wa shugaban makaranta alkawarin da ya fi ƙarfinki. A shekarar 2022 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna MYRIAD da jami'ar Oxford ta jagoranta, a kan ɗalibai fiye da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14. An gano cewa horon bai fi darussan da aka saba yi ba wajen kyautata lafiyar tunanin yaran, kuma yawancinsu ba su ci gaba da yi a gida ba, sai dai malaman da aka horar sun samu sauƙin gajiyar aiki na ɗan lokaci. Binciken a sakandare aka yi shi, amma ya yi daidai da abin da na lura: aji yana lafawa, darasin da ke biye yana shiga, iyakarsa ke nan.

Batun addini kuwa zai taso, kuma masu tambaya suna da gaskiya. Tushen abin daga koyarwar addinin Buddha ne, kafin wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Jon Kabat-Zinn ya tsara shi a 1979 a jami'ar Massachusetts ya zama shirin mako takwas na rage damuwa ga marasa lafiya. Wani uba Musulmi ya tare ni a bakin ƙofa ya tambaye ni ko bauta nake koya wa ɗansa. Ban ɓoye masa asalin ba, na kuma gayyace shi ya zauna a bayan aji. Ya ga babu zama na musamman, babu kalmar da ake maimaitawa, babu haɗa hannu a ƙirji, sai ya bar yaron. Ki rubuta wa iyaye takarda tun farko, ki bai wa wanda bai aminta ba damar cire ɗansa ba tare da an tsangwami yaron ba.

Zuwana sau ɗaya a mako bai isa ya kafa ɗabi'a ba. Ajin da abin ya zauna shi ne wanda malamarsa ta karɓi ƙararrawar daga hannuna, take kaɗa ta kullum idan yara sun dawo daga filin wasa. Saboda haka ki fara da neman malama ɗaya mai sha'awa, ki roƙe ta minti biyar, ki kuma yi wata biyu kina gwada abin a kanki kafin ki tsaya gaban yaran.